Horar da ma'aikata kan tsattsauran ra'ayi: a Legas, gemu ba shaida ba ne

Tun bayan fashewar da ta auku kusa da wata ma'ajiyar man fetur a Apapa a watan Yunin 2014, wadda Abubakar Shekau, shugaban Boko Haram na lokacin, ya fito daga baya ya ce mutanensa ne suka kai harin, babu mai hankalin da zai ce Legas ta fi ƙarfin ta'addanci. Don haka ina goyon bayan kamfanoni da makarantu da asibitoci su koya wa ma'aikatansu yadda za su gane wanda ake jan ra'ayinsa zuwa ga ɗaukar makami. Damuwata ita ce abin da za a koya musu, domin idan aka yi horon a gaggauce, Bahaushen Agege da na Idi-Araba da na Mile 12 ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa.

A watan Agustan 2019 jami'an jihar sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa tare da baburansu, aka tsare su bisa zato, daga baya aka sallame su da ba a same su da laifin komai ba. Idan jami'ai sun yi haka, me ake tsammani daga manajan da aka zaunar na yini guda aka nuna masa hotunan masu rawani da bindiga? Zai koma ofis ya fara kallon maigadinsa da wani ido, don kawai ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ko ya nemi izinin zuwa masallacin Juma'a.

Bincike bai goyi bayan wannan zato ba. Rahoton da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017, bayan hira da waɗanda suka taɓa shiga ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi a Afirka, ya nuna cewa kashi 57 cikin ɗari sun amsa cewa iliminsu na littattafan addini kaɗan ne ko babu, kuma kashi 71 sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe shi ne wani mataki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Ƙungiyar agaji ta Mercy Corps kuma ta gano a 2016 cewa Boko Haram ta ja matasa da dama ta hannun abokansu da kuma alkawarin rancen jari. Ke nan abin lura shi ne sauyin hali: yaron da ya fara kafirta iyayensa, ya daina bin limamin unguwa sallah, yana halatta jinin mutane a baki, yana ɓoye wayarsa, ga kuɗi a hannunsa da ba a san tushensu ba. Ko waɗannan ma, ɗaya daga cikinsu ba ta isa hujja ba.

Ganewa rabin aiki ne, sauran rabin shi ne inda za a kai maganar. Ingila ta wajabta wa malaman makaranta da ma'aikatan lafiya irin wannan sa ido tun 2015, kuma Musulmin can sun daɗe suna kukan cewa an mayar da 'ya'yansu abin zargi. Nijeriya tana da nata tsarin rigakafin na 2017 a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, amma ma'aikacin da ke Ikeja yana bukatar amsa takamaimai. Wanda aka ga yana neman makami ko yana leƙen wani gini, a sanar da 'yan sanda nan take, babu jira. Wanda kuwa bakinsa ne kawai ya fara zafi, malami mai ilimi da dattijon da yake jin nauyinsa sun fi ɗakin tsarewa amfani, tun da kamun zalunci kansa yana cikin abubuwan da ke ƙarasa tura matashi.

Saboda wannan ne nake ganin kada horon ya tsaya a manyan ofisoshin Ikoyi. Matashin da haramcin acaba da gwamnatin Legas ta yi a 2022 ya raba da sana'arsa ba shi da manaja. Waɗanda ke ganinsa kullum su ne shugaban ƙungiyarsa, malamin Islamiyya, dillalin da yake yi wa dako a kasuwa, da fadar Sarkin Hausawan unguwarsa. Su ya kamata a fara horarwa, da Hausa, kuma a ba su lambar jami'i guda da aka sani, wanda zai saurare su ba tare da ya aiko da motar kame ba.