Ku bar yarinyar nan ta shayar da ɗanta

Tun shekaranjiya nake danne zuciyata a kan maganar yarinyar nan mai jego da ake ta zargi don ta hana a ba jaririnta ruwa, amma yau da na ji har an kai ga cewa sai ta je ta durƙusa ta ba da haƙuri, na ga shirun ya isa haka. Haƙurin me za ta bayar? Duk abin da aka lissafa, laifinta ɗaya ne: ta ce wa uwar mijinta, "Hajiya, don Allah kar a ba shi ruwa, a asibiti sun hana." Jariri ko sati biyu bai yi ba. Shi ke nan ta zama marar kunya, 'yar boko, wadda ta fi kowa sani, har da masu cewa za ta kashe ɗan mutane da ƙishirwa. To ni na faɗa kuma ba zan janye ba, yarinyar nan ita ce a kan daidai. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba ya buƙatar ruwa, ko na cokali ɗaya.

Na san abin da za ku ce, zafi. Wai a wannan ranar da babba ma ke shanye moɗa biyu a tsaye, ta yaya za a hana jinjiri ruwa? Ba wanda ya hana shi ruwa. Ruwansa yana cikin nonon uwarsa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Wanda ke fara zuba idan ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe masa ƙishirwa, mai kaurin kuma yana biyowa baya ya ƙosar da shi. Idan ana zafi sai ya riƙa neman nono akai-akai, a ba shi. Wadda ya kamata a cika wa kofi ita ce mai jegon. Ku ba ta ruwa, ku ba ta kunu, ku bar yaron a ƙirjinta. Ko a Sakkwato ne ko a Agadas, ko a watan Afrilu da zafi ke haura maki 40, hukuncin ɗaya ne, kuma shi Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsaya a kai: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Abin da mutane ba sa tunawa shi ne ƙanƙantar cikin jariri. Ranar da aka haife shi bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ba, ko bayan sati girmansa bai kai ƙwan kaza ba. Kin ɗura masa ruwa, kin cika wurin da nono zai zauna da abin da babu abinci a cikinsa. Zai yi shiru, ya yi barci, kowa ya ce "kun gani ko, da ma ƙishirwa yake ji." Alhali ya rage tsotso ne. Shi kuwa nono tsotso ke kawo shi, idan aka rage ja sai ya rage zuwa. Bayan 'yan makonni kuma waɗanda suka ba da ruwan su ne za su dawo su ce nonon uwar ba ya isar yaro, a sayo madarar gwangwani. Madarar da kuɗinta ya fi ƙarfin mai gidan, sai a riƙa tsinka ta don ta kai ƙarshen wata. Ta haka rama ke shigowa gida, ta haka ake kaiwa ga tamowa, mutane suna ta neman maye a unguwa.

Kuma wane ruwa ma ake magana? Na randar da kowa ke tsoma moɗa, babba da yaro? Na jarkar ɗan garuwa da ba wanda ya san ranar da aka wanke ta? Ko fiya watan da ya wuni a rana a bakin titi? Hanjin babba ya saba, na jariri bai saba da komai ba. Gudawa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara ƙanana a ƙasar nan, kuma jariri ba ya ɗaukar kwanaki kafin ta zuƙe shi, maɗigarsa ta faɗa, idanu su zurma. Wata za ta ce ita tafasawa take yi. Madalla, amma ko tafasasshen ne ya cika masa ciki a banza, kuma idan ya yi yawa ƙodarsa ba ta yi ƙwarin fitar da shi ba, gishirin jininsa na iya raguwa har ya kai ga jijjiga. Saboda haka batun ya wuce tsabtar ruwan, shi ruwan ne bai kamata ya shiga cikinsa ba tukuna.

Sai babbar hujja, wadda aka fi maimaitawa tun shekaranjiya: "Mu ai da ruwa aka raine mu, ga mu nan." Wannan maganar ita ta fi ci mini rai, domin mu da muka rayu ne kawai ke iya faɗin ta. Ku je ku zauna da iyayenku mata da kakanninku, ku tambaye su nawa suka haifa, nawa suka rage. Za ku ji "na haifi goma, shida ne a raye," za ku ji "uku sun koma tun suna goye." Daga ina muka samo sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani in ba daga zafin wabi ba? Ban ce ruwa ne ya kashe su duka ba, akwai ƙyanda, akwai zazzaɓin cizon sauro, kuma rai na Allah ne, kowa da kwanansa. Amma iyayenmu sun binne 'ya'ya da yawa, sun yi kuka a ɓoye saboda kunya, kuma ba su da wanda zai gaya musu abin da yanzu ake gaya mana kyauta a wajen awo. Ba su yi laifi ba. Mu da muka ji muka toshe kunne, mu ne za a tambaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 a Najeriya ba sa kai shekara 5, kuma a arewa maso yamma abin ya fi haka muni. Binciken nan dai ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran da ba su kai wata 6 ba ake ba su nono zalla. Da wannan lissafin ne za mu tsaya muna alfahari da yadda aka saba?

Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙa ɗura wa jariri ruwan ɗumi ko ruwan sukari kwana biyu ko uku kafin nono ya "wanke". Wannan ruwan nonon na farko, mai kauri mai ɗorawa-ɗorawa, shi ne ke ɗauke da garkuwar jikin uwa zuwa ga ɗanta, shi ke taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Shi ake zubarwa a ƙasa a ba yaro ruwan randa.

Masu shigo da addini kuma, don Allah ku yi a hankali. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, shayarwa ya ambata, shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika ta. Tahniki da dabino ɗan shafawa ne a dasashi, ba kofi ake cikawa ba. Addu'a kuwa ana tofa wa yaro a jikinsa, ba dole sai ya haɗiye ta ba. Zuma ma da ake laƙaba wa jarirai, likitoci sun hana ta kafin shekara ɗaya saboda wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya yaƙa. Abin da kawai ke wucewa a wata shidan nan shi ne magani, ɗigon riga-kafi, ko ruwan gishiri da sukari idan ma'aikacin lafiya ya ce a bayar. Idan kuma hankalinki bai kwanta ba, ki duba fitsarinsa. Yaron da ke jiƙa ƙyalle sau 6 ko fiye a rana, fitsarin ba ja ba, yana samun abin da ya ishe shi. In kin ga saɓanin haka asibiti za ki nufa, ba randa ba.

Hajiyoyinmu, iyayenmu, wallahi na san ƙauna ce. Ba kakar da ke ɗaukar cokali da niyyar cutar da jikanta. Ku kuka tashi cikin dare kuka hura wutar ruwan wanka, ku kuka dama kunu, ba mai iya biyan ku. Amma ƙauna ba ta sa ruwa ya zama nono. Idan surukarki ta ce miki a asibiti sun hana, ba raina ki ta yi ba, amanar jikanki ta riƙe. Wanda nake jin haushinsa a duk wannan rikicin shi ne mijin. Yana tsaye aka yi komai, ya san gaskiya, an gaya musu tare, amma ya sunkuyar da kai ya bar yarinya mai ɗanyen jego ta fuskanci dangi ita kaɗai. Malam, mahaifiyarka ce, kai ka san lafazin da za ka yi mata ta saurara. Da ka ce "Hajiya, ni na ce a bari," da maganar ta mutu a ɗakin.

Tunda ma na taɓo mazan, akwai masu makarantu da shaguna da ke kiran mai jego ta dawo aiki da zarar ta yi arba'in, in ba haka ba a ɗauki wata. Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa wata 6 ga ma'aikatanta tun 2019, Legas ma ta riga ta. Malamar makarantar kuɗi fa, wadda albashinta ko buhun shinkafa ba ya saye? Ta bar jariri ɗan wata biyu wajen ƙanwarta daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, ba ɗakin da za ta zauna ta shayar, ba wurin da za ta tatsa ta ajiye. Me kuke tsammani za a ba yaron idan ya yi kuka? Masu makarantun nan da yawa suna karanta ni, wasu ma mata ne da suka san zafin abin. Ku ware ɗaki ɗaya mai tabarma da fanka, ku bar ta ta zo da goyonta da mai raino.