Daren da na kwana a "jirgina" a bayan Ƙofar Ƙaura

Wallahi duk abin nan data ce ta ja min. Ranar da mai gidan hayarmu ya aiko yaro wai daga watan gobe an ƙara kuɗi, ina kwance da daddare raina a ɓace ina ta latse-latsen waya, sai ga bidiyon wani dattijo Ba'amurke, Bruce Campbell, tsohon injiniyan lantarki, wai shi cikin jirgin sama yake zaune a dajin Oregon. Jirgi na gaske fa, Boeing 727, ya saye shi a 1999 kan dala dubu 100, aka jawo masa shi har cikin itatuwa aka kafe, ta matakalar nan ta ƙarƙashin wutsiya yake shiga. Na ce kai, ga gida! Ba gara, ba yoyo, ba yaɓe duk damina, gangar jikin alminiyam ce da aka ƙera don ta jure iskar sama, ɓarawo ma sai ya zo da tsaninsa. Kafin asuba har na gano wata mata a Misisipi, Jo Ann Ussery, ita dala dubu 2 kacal ta sayi nata a 1994, ta kafa bahon wanka a wurin zaman matuƙi.

Da safe na kai wa Maman Ummi labari ina zumuɗi. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tankaɗen da take, ta ce "Baban Ummi, to ina tsakar gida?" Na ce babu. "Turmi fa, a sama zan yi daka? Baƙi maza in sun zo ina zaure, ko ta kan gadona za su bi su wuce?" Na ce ai fiffiken nan baranda ce, ki shanya kuɓewa a ɗaya wanki a ɗaya. Ta ce tagar tana buɗuwa? Nan na yi tsit, don tagar jirgi a liƙe take.

Toh ni kuma in na ƙwallafa rai a abu sai na ga ƙarshensa. Jirgi dai ba ni da shi, iyakata da shi in hango ya taso daga filin Umaru Musa Yar'adua lokacin alhazai, sai na tuna Kawu yana da wata tsohuwar bas da ta mutu tun ban yi aure ba, tana kan duwatsu a filinsa can bayan Ƙofar Ƙaura, ba taya ba inji. Na ce ai duk dogon ƙarfe ne mai tagogi a jere, bari in kwana ɗaya a ciki in dawo in rufe wa Maman Ummi baki. Na manta shaf watan Afrilu muke, a Katsina, inda zafi ke haura digiri 40, shi kuwa Malam Bruce cikin inuwar daji mai ruwan sama ya kafa nasa.

Bayan isha'i na ɗauki tabarma da filo da buta na nufi fili. Ina buɗe ƙofa wani huci ya mare ni kamar na leƙa tandar mai gurasa, ƙarfen ya sha rana wuni guda yanzu yake amayar da ita. Tagogi tsatsa ta kama su sun ƙi motsi, na ce madalla, ko ba komai an samu kama da jirgin. Ashe ma akwai 'yan haya kafin ni, kaza tana kwanci ƙarƙashin kujerar direba, ga wani bunsuru a kujerar baya yana min kallon wa ya gayyato ka. Na cire riga, na cire singileti, na jiƙa zani da ruwan buta na lulluɓa, kafin in gama addu'ar kwanciya ya bushe ƙayau. Sauro kuwa ta ramin giya suke shigowa layi-layi kamar an kira fasinja.

Wajen ƙarfe biyu na tashi zan kama ruwa, ƙofa ta cije. Na ja, na tura, na hau dukanta da ƙafa, bas ɗin tana amsawa kamar ganga, kaza ta ɗauki kuka, bunsuru ya taya ta. Sai usur, sai tocila huɗu a fuskata, 'yan sintiri da gorori.

"Kai wane ne? Mi kake nema cikin motar Alhaji?"

Na ce ranku ya daɗe gwaji nake, akwai wani Bature a Amurka... Babbansu ya katse ni, "Ɓarawon batir dai." Na ce haba yallaɓai, motar da rabonta da batir tun kafin a haifi Ummi? Ba su saurare ni ba sai da aka taso Kawu. Ya haska ni sama da ƙasa, daga ni sai gajeren wando da filo a hammata, ya daɗe yana kallo sannan ya ce "Ku sake shi, ɗan ƙanwata ne. Ba ya sata, sauran kam sai addu'a."

Ana kiran assalatu na iso gida. Maman Ummi ta zare sakata, ta rusuna har ƙasa ta ce "Sannu da sauka, ya hanya, an sha iska?" Yanzu har yaran layinmu Kyaftin suke ce min, ƙarin kuɗin haya na biya, kuma jiya Kawu ya aiko wai in kawo kuɗin ƙwai uku da na taka.