Wai "Ai Suna Warkewa"

Don Allah ku daina turo min bidiyon nan. Na gani. Tun daren jiya na gani, har wanda aka yanko aka ɗora masa kiɗa na gani. Ƙato da gemunsa, ya yaga burodi ya matse madarar tamowa a ciki kamar bota, yana lumshe ido yana cewa wai babu abin da ya kai ta sa ƙiba. To Allah ya ƙara ƙiba. Allah ya sa tumbin da ake nema ya fito kafin sallah. Shi ba ni da lokacinsa, domin wanda zai iya cinye abincin yaron da ke bakin kabari a gaban kyamara ya wuce nasihar Facebook.

Wanda ya hana ni barci wani ne daban, mai hoto da kwat da tabarau, da gani ka san ya sha boko. Shi ne ya zo yana kare shi, wai a bar bawan Allah ya sha abinsa, "ai masu tamowar suna warkewa, wata biyu sun murmure kamar ba su ba." Mutane kuwa suka yi ta danna masa alamar so.

Suna warkewa. Madalla, likita. Sannu da aiki.

Ni malamar firamare ce, shekara 14 ina riƙe da alli. Waɗannan yaran da kake cewa sun warke, bayan shekara biyar ko shida wurina ake kawo su. Kai hoton ranar sallama ka gani, uwa tana murmushi, yaro ya yi kumatu. Ni kuwa abin da ya biyo bayan hoton nake gani kullum daga ƙarfe takwas na safe. Yaro ɗan shekara tara, ka rantse da Allah bai fi biyar ba. Idonsa na kan allo, hankalinsa ba ya nan. Ka koya masa yau ya riƙe, gobe ka tambaya kamar ba a taɓa yi ba. Ko ƙwallo ake yi shi ne mai fara zama. Mun kuma tanadar masa suna tun kafin ya zo: daƙiƙi.

Ba zan wanke kaina ba. Akwai wanda na yi wa bulala zango guda cur saboda jadawalin biyu, sau biyu kawai, ya gagare shi. Ranar da na aika a kira uwarsa, niyyata in yi mata faɗa ne. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, ki yi haƙuri da shi, wannan da kike gani har an fidda rai. Yana da shekara ɗaya da rabi muka yi sati uku a asibitin tamowa, ta hanci ake ba shi madara." Ban san abin da na ce mata ba. Na dai san ban ƙara ɗaga masa bulala ba, kuma har yau idan na tuna sai in ji kunyar kaina. A takardar asibiti wannan yaron ya warke. A ajina bai warke ba.

Ku fahimci abin da ake nufi da sallama. Akwai ɗan zaren awo mai launi uku da ake naɗa wa yaro a damtse. Idan ya gaza santimita 11.5, ya faɗa ja ke nan, tamowa mai tsanani. A ba shi magani da abinci, idan damtsen ya kai 12.5 kuma kumburi ya saɓe, sai a ce ku tafi gida. Aiki ne babba, Allah ya saka wa masu yin sa. Amma zaren nan damtse yake aunawa. Ba ya auna ƙwaƙwalwa, ba ya auna ƙoda, ba ya auna tsawon da yaro ya rasa. An ceto rai, shi ke nan abin da sallama ke nufi.

Duk manomi ya san geron da ruwa ya ɗauke masa daidai lokacin da yake fidda kai. Ko daga baya an yi ta sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, karan zai yi kore shar, amma zangarniyar ba za ta cika ba. Ɗan Adam ma yana da nasa lokacin, kwana 1,000 ne, daga ranar da aka ɗauki cikinsa zuwa ya cika shekara biyu. A nan ƙwaƙwalwa ke yin ginin da ba za ta sake yin irinsa ba. Yunwar da ta same shi a wannan tsakanin, ba irin yunwar da ni da kai muke ji da azumi ba ce, wadda kunun tsamiya da ƙosai ke korewa.

Kuma ba hasashen malamar firamare ba ne. A tsibirin Barbados, wata likita mai suna Janina Galler ta bi yaran da tamowa ta kama sau ɗaya tak a shekararsu ta farko. An yi musu magani, aka ci gaba da kula da abincinsu har suka tasa, jikinsu ya kamo na tsaransu. Duk da haka, da suka shiga makaranta, kusan kashi 60 cikin ɗari nasu na fama da rashin natsuwa da kasa mai da hankali, alhali a cikin 'yan ajinsu da ba su yi tamowa ba kashi 15 ne. Fiye da shekara 40 ana bin su, abin bai rabu da su ba. A Malawi ma an koma neman yaran da aka kwantar a babban asibitin Blantyre bayan shekara bakwai. Da yawa an tarar sun rasu bayan sallamar. Waɗanda suka rayu sun fi 'yan uwansu gajarta, hannunsu bai kai na tsaransu ƙarfin damƙa ba, a makaranta ma suna baya. Suna warkewa, in ji mai tabarau.

Ba sai mun je nesa ba ma. Yaƙin basasarmu, 1967 zuwa 1970. A 2009 masu bincike sun shiga kasuwannin Inugu suka auna mutum 1,339 da aka haifa kafin yaƙin, da lokacinsa, da bayansa. Waɗanda yunwar Biyafara ta samu suna ciki ko suna goye, su ne suka fi hawan jini da matsalar sukari, shekara arba'in bayan an ajiye bindiga. Irin wannan aka gani a Holan ga waɗanda ke cikin uwayensu lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945. Dalilin kuwa a fili yake. Jikin da ya buɗe ido cikin yunwa yakan tsara kansa a kan rayuwar babu: tsoka kaɗan, gaɓoɓin ciki ƙanana, duk abin da ya shiga a adana. Sai yaro ya girma ya shigo birni, ya haɗu da shinkafa da taliya da lemon kwalba, jikin da aka gina don fari ya rasa yadda zai yi da damina. Yana shekara 40 a ce hawan jini, ko shanyewar ɓarin jiki. Mu kuma mu ce jifa ne, mu fara lissafin maƙiya. A watan Afrilun 2025 ma, a taronta na Bangkok, ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta amince da wani nau'i na biyar na ciwon, wanda ke kama matasa ramammu da suka taso cikin ƙarancin abinci. Ramamme da ciwon sukari. Mu da muka ɗauka ciwon masu kuɗi ne.

Na 'ya mace kuwa ya fi ciwo. Ta tsumbure, ba ta yi tsawo ba, ƙugunta bai buɗe ba. A aurar da ita, naƙuda ta zo ta kwana biyu tana abu ɗaya, a ƙare da yoyon fitsari ko abin da ya fi shi. In an yi sa'a ta haihu lafiya, jaririn ya zo ɗan mitsitsi, shi ma ya fara daga inda ta tsaya. Tamowar shekara ɗaya ta ci iyali biyu.

Na san me za ku rubuto, don haka ku huta. "Ai mu ma da kunu zalla muka girma, ga mu nan garau." Je ka tambayi Inna nawa ta haifa, nawa suka rage. Kai ne wanda ya tsira, waɗanda ba su tsira ba ba su da waya balle su ba ka amsa. Kuma garau ɗin naka, yaushe rabonka da awon jini? "Gajarta ai gado ce." Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara a ƙasashe shida, har da Gana da Indiya da Amurka da Norway, ta tarar idan an shayar da su yadda ya kamata aka ciyar da su, a shekarun farko kusan girma ɗaya suke yi. Abin da muke gada shi ne tukunyar. "Ƙaddara ce." Na yi imani da ƙaddara, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi zuba wa babur ɗinsa mai ya ce ƙaddara za ta kai shi Funtuwa ba. Masu cewa ina tona wa Arewa asiri kuwa, wane asiri? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57. A Kebbi kashi 66, a Jigawa 64. Wato a aji mai yara 60, fiye da rabi. Asirin da ke zaune a kan benci yana kallona kullum.

Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. An yi ta yaɗawa, an yi salati, an wuce. Waɗannan an ƙirga su. Dubban da aka sallama fa, wa yake ƙirga su? Babu wanda zai je bayan shekara goma ya rubuta cewa wannan da ya faɗi jarrabawa sau uku ya koma tura baro, tun yana goye aka yanke masa hukunci.

Masu cewa laifin gwamnati ne da 'yan bindigar da suka hana noma da tsadar abinci, na yarda, ɗari bisa ɗari, kuma na sha rubutawa. Amma gwamnati ce ta ce a matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri? Gwamnati ce ta ce a ɗura wa ɗan sati biyu ruwa da jiƙe-jiƙe? Ita ce ta ce kada a ba yaro ƙwai wai zai yi sata? Maigida ya tsaya teburin mai shayi a soya masa uku, ya biya ta wurin mai tsire, ya shigo gida yana sakace, ɗan yaye na tsotsar kokon da ko ƙuli ba a marmasa masa ba. Kai kuwa da ka ci ƙwan, halinka ya gyaru? Sannan ga kunika. Yaro bai shekara ba an samu wani cikin, a cire shi daga nono rana ɗaya a kai shi gidan kaka, in ya kumbura gashinsa ya yi ja a ce ya sha ciki. Ita kanta kalmar kwashiyoko da likitocin duniya ke kiran wannan ciwon da ita, daga harshen Ga na Ankara ta ƙasar Gana wata likita, Cicely Williams, ta ɗauko ta a shekarun 1930, kuma ma'anarta ciwon da babba ke yi idan ƙaninsa ya zo. Su ma sun san abin, mu ma mun sani, suna kawai muka canza masa.

Ba ina cewa a fidda rai da yaron da ya yi tamowa ba ne, kada wata uwa ta karanta wannan ta kwana tana kuka. Wallahi ba don ke na rubuta ba, 'yar uwa, ke kin yi iyakar ƙoƙarinki. A Jamaika an gwada abu mai sauƙi: ma'aikatan lafiya suna zuwa gida kowane mako tsawon shekara biyu, suna koya wa uwaye wasa da hira da yaransu da suka tsumbure. Bayan shekara 20, waɗannan yaran sun fi sauran tsumburarrun da ba a yi wa haka ba samun kuɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari. Wasa da hira kawai. Wato bayan sallama ne aikin yake farawa. Amma wa zai yi aikin, alhali mun riga mun ce ya warke?

Shi ya sa maganar mai tabarau ta fi bidiyon ƙona min rai. Ƙullin madarar tamowar nan ɗaya giram 92 ne, kuma a ƙirge yake. Kwali mai guda 150 shi ne jinyar yaro ɗaya na sati shida zuwa takwas. Duk ɗayan da ka gani a burodin ƙato, ko a faranti a bakin kasuwa, daga bakin wani yaro aka zare shi, a cikin kwanakin da ba sa dawowa.

Abin dariyar ma, me ke cikin ƙullin? Gyaɗa ce fa. Gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya. Wani likita Bafaranshe, André Briend, ya haɗa a 1996, aka ga amfaninsa a fili a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Gyaɗar da kakanninmu suka tara dala-dala a Kano har ana buga hotonta, kafin fari da cutar da ta afka mata a 1975 su karya ta. Yanzu ko ƙuli-ƙulin kirki ya gagara. Matar da ke sayarwa a ƙofar makarantarmu, da na naira hamsin sai ka ci ka rage, jiya na sayi na ɗari biyu, guda huɗu ta ƙirgo min, kowanne kamar zoben yatsa, an tatse man tas har yana neman karya min haƙori. Na yi magana ta ce in je in tambayo kuɗin tiyar gyaɗa a Dawanau tukuna.