Ranar da Aka Ga Kaina a Cikin Gilashi

Baƙi suka zo mana daga Kano, uwargida ta ce tunda ni ne mai yawan surutu a kan tarihi, sai in kai su Gidan Tarihi na Jos, wanda wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa a 1952. Wani taubashina, wanda babu wanda ya gayyace shi, tuni ya riga kowa shiga mota ya kame kujerar gaba.

Muna isa wurin kawunan Nok, wato tsofaffin sassaƙen kawunan mutane da aka raɗa wa sunan ƙauyen Nok, na gyara tsayuwa na fara bayani. Na gaya musu cewa masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irin waɗannan kawuna na yumɓu a 1928, cewa da yawansu sun haura shekara 2,000, kuma ƙofofin da aka huda a ƙwayar ido da hanci suna bai wa zafi hanyar fita lokacin gashi domin kada kan ya tsage. Bayani ya yi daɗi har ɗaliban wata firamare suka bar malamarsu suka taru a bayana, ni kuwa na ƙara ɗaga murya.

Ina cikin nuna wani kai mai faffaɗan goshi da buɗaɗɗen hanci, sai wata 'yar yarinya ta dubi gilashin, ta dube ni, ta sake duban gilashin, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Anti, ga kan Baba nan an ajiye a ciki!"

Yarinya ba ta da laifi, domin yaro abin da ya gani yake faɗi. Malamar ce har yau ban yafe wa ba. Maimakon ta tsawata mata, sai baiwar Allah nan ta sauke tabarau, ta tako a hankali, ta ƙare mini kallo tun daga goshi har haɓa, ta koma ta ƙare wa kan kallo, sannan ta ce cikin natsuwa, "Ikon Allah, har hancin." Daga nan ta roƙe ni, da ladabi kuwa, in cire hula domin yara su gani da kyau, ni kuma don tsabar ruɗewa na cire.

Taubashina, mutumin da ba ya tuna bashin da nake binsa tun Babbar Sallah, nan take ya tuna labarin da na taɓa ba shi, cewa kan da aka tono a Jema'a a 1943 sai da aka kafa shi a gonar doya yana korar ɓarna kafin ya isa hannun Fagg. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe danginku sun daɗe suna gadin doya." Gwaggo, wadda ko a gidan biki ba ta dariya, sai da ta riƙe bango.

Mun yi niyyar zagayawa mu ga kwaikwayon ganuwar Kano da aka gina a harabar, amma hadari ya haɗo, kuma baƙin suka ce dama sun san ta asalin.