Tun 2007 na'urar ta iya aikinta, saura mai ɗaukar nauyinta

Har yanzu ana ta yawo da labarin jirgin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ya hango wutar daji a jihar Alabama a watan Maris na 2025, ana tafi, ana cewa kimiyya ta gama da gobarar daji. Ni dai ban ga abin tafi ba. Gaskiya ne na'urar AVIRIS-3 da ke cikin jirgin ta leƙa ta cikin hayaƙi, ta nuna inda wutar ta fi ruruwa, kuma an aika wa jami'an gandun daji taswirar cikin mintuna kaɗan. Madalla, Allah ya ƙara basira. Amma duk wanda ya daɗe yana bin wannan harka ya san cewa an riga an nuna mana irin wannan bajinta kusan shekaru 18 kafin nan, kuma a wancan lokacin ma an yi tafi.

A watan Oktoba na 2007, lokacin da wuta ta mamaye kudancin Kaliforniya, hukumar NASA ta tashi jirginta marar matuƙi mai suna Ikhana, ɗauke da na'urar gano zafi da cibiyarta ta Ames ta ƙera. Jirgin ya riƙa shawagi na tsawon sa'o'i, yana tura bayanai ta tauraron ɗan adam, shugabannin 'yan kwana-kwana suna ganin bakin wutar a kan taswira cikin ƙanƙanin lokaci. Asalin dabarar ma ta girmi haka, domin tun shekarun 1960 Hukumar Gandun Daji ta Amurka ta fara gwada ɗaukar hoton zafi daga jirgi. Wuta tana fitar da wani nau'in haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa hayaƙi, na'urar kuma shi take kamawa. Wannan ba sabon ilimi ba ne.

To me ya hana kowace babbar gobara samun irin wannan ido a sama dare da rana? Amsar ba ta cikin ɗakin bincike. Mai bincike yana samun kuɗin gwaji na 'yan shekaru, ya tashi jirgi, ya rubuta rahoto, ya halarci taro, kuɗin ya ƙare, ya koma neman na sabon gwaji. Daga nan sai tambayoyin da ba su da daɗin bugawa a jarida su taso: wa zai biya matuƙi da makaniki duk shekara, wa zai gyara na'urar idan ta lalace a tsakiyar lokacin gobara, wa zai nemo izinin hukumar sufurin jiragen sama kafin jirgi marar matuƙi ya shiga sararin da jiragen zuba ruwa ke kaiwa da komowa, kuma wane jami'i ne zai karɓi taswirar da ƙarfe biyu na dare ya san abin da zai yi da ita. Na'urar da ba ta da gurbi a kasafin kuɗin hukumar da ke kashe wuta, abin nuni ce kawai, komai kyanta.

Dubi yadda aikin yau da kullum yake tafiya. Sashen Hukumar Gandun Daji da ke ɗaukar hoton zafi ya daɗe yana tashi da dare da jirage kaɗan, ya bi gobara bayan gobara, masu fassara hoto su zana taswira, a miƙa ta kafin taron safe. Aiki ne mai amfani ƙwarai, kuma ina girmama masu yinsa. Sai dai taswira ɗaya a yini ba ta isa ga wutar da iska ke korawa ba, irin wadda ta cinye garin Paradise na Kaliforniya a 2018 ta kashe mutum 85. Mutumin da ke bakin wuta da azahar yana aiki ne da hoton daren jiya, alhali tun 2007 an nuna cewa ana iya ba shi na yanzu.

Na san za a ce taurarin ɗan adam sun wadatar. Ba su wadatar ba. Na'urar MODIS da ke kan tauraro, kowane ɗigo a hotonta yana ɗauke da faɗin ƙasa kusan kilomita 1, na takwararta VIIRS kuma mita 375, sannan sau kaɗan suke wucewa ta kan wuri guda a yini. Wasu kuma za su ce a gobarar Los Angeles ta Janairun 2025 iska ta hana jirage tashi a daren farko, saboda haka na'ura ba za ta ceci komai ba. Na ji. Ba wanda ya ce na'ura tana tsayar da iska, amma wannan ba hujja ba ce ta barin sauran ɗaruruwan gobara ba tare da ido ba. Masu cewa abin da tsada kuwa, su lissafa mini kuɗin gine-gine fiye da 16,000 da suka ƙone a wancan wata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, inda aka ɗauki nauyin, abin ya yi aiki. Bayan gobarar Waldo Canyon ta 2012 da ta Black Forest ta 2013, jihar Kolorado ta sayi jirage biyu ƙirar Pilatus PC-12, ta ɗora musu na'urorin gano zafi, ta ɗauki ma'aikata na dindindin, har ya zama ƙaramar hukuma tana iya neman a duba mata hayaƙin da aka hango. A Kaliforniya ma shirin FIRIS, na jiragen da ke aiko da taswirar wuta nan take, ya fara a matsayin gwaji a gundumar Orange a 2019, daga baya jiha ta karɓe shi ta sa masa kuɗi. Babu wata sabuwar kimiyya ta ban mamaki a cikin waɗannan biyun. Akwai dai sa hannun 'yan majalisa, da albashi, da lambar wayar da ake kira a amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin takaici sai da gidaje suka ƙone kafin Kolorado ta motsa.

Saboda haka idan an sake turo mini bidiyon wata sabuwar na'ura, tambayata ɗaya ce: wace hukuma ce ta karɓe ta, kuma da wane kuɗi za ta tashi baɗi? Idan babu amsa, a bar ni da tafin.

Akwai kuma masu ƙananan jiragen ɗaukar hoto marasa matuƙa da ke kutsawa sararin gobara don neman mabiya. A wannan gobara ta Los Angeles ɗaya daga cikinsu ya bugi jirgin zuba ruwa da Kanada ta aiko, ya huda masa fiffike, aka ajiye jirgin na kwanaki ana gyara yayin da unguwanni ke ci da wuta. Irin wannan gangancin yana cikin abin da ke sa hukumomi ɗari-ɗari da barin jirage marasa matuƙa na gaskiya su yi aikinsu, kuma a ganina tara kaɗai ba ta isa hukunci ga mai yin haka ba.