Ba kowane kufai ne aljanu suka tayar ba

Mutanenmu da sun ga kufai a daji, ga tsohuwar kuka ga marina ta cike da ƙasa, sai kaji ance ai aljanu ne suka kori mutanen garin, ko kuma yaƙi ya cinye su. To yaƙi dai ya tashi wasu kam, amma da yawa dalilin a fili yake wallahi.

Ku duba yankin Anchau a ƙasar Zazzau, zamanin Turawa ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya addabi mutane, sai gwamnati ta kwashe ƙananan ƙauyukan dake bakin rafi ta haɗa su wuri ɗaya aka sare kurmin aka haƙa rijiyoyi, har sabon gari aka gina aka sa masa suna Takalafiya. Ina aljani anan?

Tsohuwar Bussa da ƙauyukan gefenta kuwa ruwan dam ɗin Kainji ne ya shanye su a 1968. Wasu kuma rijiya ce kawai ta ƙafe, ko titi ya bi ta wani garin, kasuwa ta bi titi, samari suka bi kasuwa.