Motar gaz ma tana buƙatar esansi

Na gaji da jin direbobin taksi a Yamai suna cewa da zarar an haɗa wa mota tukunyar gaz, ta yi sallama da esansi ke nan. Maganar tana da dalili: don rage kuɗin mai suka sa na'urar, me zai sa su ci gaba da saye?

Sai dai yawancin na'urorin zamani da esansi suke tada inji. Gaz ruwa ne a cikin tukunya, zafin ruwan radiyata ne ke mai da shi iska. Sai ruwan radiyatan ya kai wajen digiri 30 zuwa 40 motar ke komawa kan gaz da kanta. Da sanyin safiyar Janairu takan ɗan jinkirta.

Kuma a motoci da yawa famfon esansi bai daina aiki ko da gaz ake tafiya, man da yake nutse a ciki ne ke sanyaya shi. Wanda ya bar tanki a bushe, wata rana zai murza makulli a tashar Wadata, inji ya ƙi tashi, famfo ya ƙone.

A bar akalla kwatan tanki, a riƙa sabuntawa, don tsohon esansi yana toshe injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji.